Tambayoyin da Ke Zuwa daga Adabka

A gidanmu na Anka ba a yaba wa yaro don ya kawo magana tasa. Ana yaba masa ne in ya mayar da magana yadda aka ba shi ita. Mahaifina malamin zaure ne, kakana ma haka, kuma ƙa'idarsu guda ce: abin da ke cikin littafi ba a ƙara masa, ba a rage masa. In kana biya karatu ka sauya kalma ɗaya, ko da wadda ka sa ba ta ɓata ma'ana ba, sai Malam, wato mahaifina, ya ɗago kai ya tambaye ka ko kai ka wallafa littafin. Ni kuwa Allah ya ba ni kai mai riƙewa. Shafi in na bi shi sau uku ya zauna. Da aka sa ni boko, da wannan kan na wuce firamare, na wuce sakandare, har malamai suna kafa misali da ni. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Ranar da na hau motar Sakkwato zan shiga jami'a, a farkon shekarun tamanin, gani nake yi babu abin da ya rage sai a miƙo mini digiri in sa hannu biyu in karɓa.

Tarihi na je karantawa. A ɗakin kwana aka haɗa ni da wani mutumin Adabka, ta ƙasar Bukkuyum, ɗan gidan makiyaya, shi ma tarihi ya zo yi. Ya girme ni sosai, don ya daɗe yana koyarwa a firamare kafin ya samu shiga. Dogo ne, siriri, maganarsa a hankali, Turancinsa kuwa sai ka tausaya wa Turancin. Amma babu laccar da za a tashi bai ɗaga hannu ba. Malami na cikin bayani, sai ka ga dogon hannun nan ya miƙe daga layin gaba, aji ya ɗauki guna-guni, wasu su yi tsaki. Shi ko gezau. Zai lallaɓa tambayarsa har ya kai ta, in an yi dariya ya jira a gama, sannan ya ƙarasa. Ni da ke zaune a baya nakan sunkuyar da kai, kada a tuna cewa daga yanki ɗaya muka fito. Na taɓa ce masa ya riƙa rage wa kansa abin kunya. Ya ce bai baro shanu a gida don ya zo nan ya yi shiru ba, in shiru ne akwai shi a daji kyauta.

Aikin farko da aka ba mu shi ne mu yi rubutu a kan abin da ya sa fatauci ta hamada ya ja baya. Na shiga laburare na samo littafin da malamin ya ambata, na bi babin sau uku, na dawo ɗaki na zuba shi a takarda, ko waƙafi ban ɗauke daga wurinsa ba. Na miƙa ina jiran yabo. Sai aka ce malamin yana nemana a ofis.

Wani dattijo ne mai furfura a gefen kai, ba ɗan ƙasarmu ba. Ya ajiye takardata da littafin gefe da gefe, ya tambaye ni ko a gabana na buɗe shi na kwafa. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce ya riƙe littafin ya bi ni da ido. Na tsaya na karanto masa shafi uku da ka, yana bi da yatsa, har ya cire tabarau ya dube ni da kyau. Ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, ya kuma ba ni haƙuri a kan zargin da ya yi mini. Sannan ya ɗauki jan biro ya ba ni makin da ko a mafarki ban taɓa gani a takardata ba. Ya ce littafin nan akwai shi a laburare, ba ya bukatar na biyu. Abin da yake nema shi ne abin da ni na gani a cikin maganar. Mutumin Adabka, da Turancinsa mai ɗingishi, ya fi ni maki a wannan aikin.

Na gwada, kada a ce ban gwada ba. Da aka ba da aiki na biyu na zauna da farar takarda tun bayan azahar har aka kira la'asar. Duk jimlar da na fara, sai in ji muryar Malam yana tambayata ko ni na wallafa. Wane ni in sa bakina a inda masu littafi suka riga suka yi magana? A wurinmu wannan rashin ladabi ne. Abin da na iya ba a so, abin da ake so kuma a ganina laifi ne. Ban miƙa aikin ba. Mako na gaba ban je laccar dattijon ba, don kada mu haɗa ido. Daga nan sauran laccocin ma suka bi. Akwai wata darbejiya bayan ɗakunan kwana, nan na mayar wurin zamana, ina karanta tsofaffin jaridu ina gaya wa kaina cewa malaman ne ba su san darajar ilimi ba. An riga an gaya mana cewa wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshen shekara gida zai koma. Ni har na fara shirya abin da zan faɗa a Anka, na kuma fara tunanin aikin akawu a ƙaramar hukuma.

Mutumin Adabka bai yi mini wa'azi ba, kuma da ya yi da mun ɓata. In zai tafi aji yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ɗan malam, mu tai." In ce kaina ke ciwo. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce. Gobe ma ya sake, kamar jiya ba a yi ba. Wannan naci nasa yana ba ni haushi ƙwarai, don na rasa inda zan kama shi da faɗa.

Shekarar ce annobar bushiya ta shiga shanu. Mu a makaranta a rediyo muke jin labarin, sai wata safiya saƙo ya zo masa ta hannun wani direban motar Gummi: ciwon ya shiga garkensu, baffansa ya ce ya zo. Na same shi yana cusa kaya a jaka. Ya zauna a bakin gado ya ce yana da aikin da zai ba ni.

"Ka tai aji kullum, ka saurara, ka rubuto min da Hausa. Ba Turancin mutanen ga nika so ba, wannan shina nan cikin littahi. Yadda kag gane shi nika so."

Na ce ai sai in karɓo masa na wani in kwafa. Ya ce a'a, na wani bai san shi ba, ni na san inda kansa ke tsayawa. Na ce to in ni ma ban gane ba fa?

"Sai ka tambaya. Ai bakinka ba shi ciwo."

Ya ce mako uku zai yi, in ya daɗe huɗu. Direban zai riƙa karɓar littafin da nake rubutun a ciki a tasha ya ajiye wurin wani mai kanti a Gummi, mutanen Adabka masu zuwa cin kasuwa su kai masa. Mutum yana cikin wannan hali ba ka ce masa a'a. Na amsa, ina ƙunƙuni a zuciya.

Haka na koma aji, ba don kaina ba. Na zauna a kujerarsa ta gaba, don a baya ba a ji sosai. Ranar farko na gane irin tarkon da na shiga. Hadda ba ta juyuwa zuwa Hausa. Jimlar Turanci tana nan zaune a kaina daram, amma in na zo faɗinta da bakinmu sai in tarar ban san abin da take nufi ba. Kalmomin da na shekara ina zuba wa malamai suna tafa mini, ashe rabinsu buhu ne da ban taɓa kwance bakinsa ba. Sai na riƙa zama da la'asar ina sa shi a gabana a zuci, ina cewa, ka ga, abin da mutumin nan yake nufi shi ne kaza. In na ji bayanin ba zai shige shi ba, in soke in sake. Littafin farko da na kai tasha duk kankare-kankare ne.

Bayan kwana goma littafin ya dawo yana warin hayaƙi. Na buɗe na ga gefen kowane shafi cike da rubutun fensir. Ni na ɗauka godiya ce, ashe tambayoyi ne. A inda na rubuta cewa fatauci ta hamada ya mutu saboda jiragen ruwa sun zo bakin teku, ya ja layi ya rubuta: "To raƙuman hwa? Masu su mi sunka koma yi? Mutum ba shi yada dabbatai don jirgi ya zo wani gari." A ƙarshen littafin kuma ya sa: "Ina nan tahe. Kak ka bar min giɓi."

Na duba littafin da na haddace, babu raƙuma bayan shafin jiragen. Kwana biyu ina juya abin. A laccar dattijon ta gaba na ji hannuna ya tashi. Na fara da cewa tambayar ba tawa ba ce, aiko ni aka yi. Aji ya yi dariya, amma dariyar ba ta taɓa ni ba, tunda ni ɗan aike ne. Dattijon ya ajiye allinsa ya ce wannan ita ce tambayar da ya so a yi tun farkon zango. Ya tambayi lafiyar mai dogon hannu, ya rubuta mini sunayen littattafai biyu. Na je na karanta su na tarar ba su yarda da juna ba. Ɗaya ya ce fataucin ya mutu, ɗaya ya ce hanya kawai ya sauya, ya daɗe yana tafiya bayan zuwan jiragen. Ban taɓa sanin masu littafi suna musu ba. Dole in gaya wa mutumin Adabka wani abu, kuma na san in na jera masa su biyun zai rubuto ya ce, to kai fa? Sai na rubuta, "Ni a ganina na biyun ya fi gaskiya," na kawo dalilina. Na daɗe ina kallon kalmomin nan, ina jin kamar na ɗaga murya a zauren Malam. Ban soke su ba, na kai tasha.

Mako huɗu ya wuce, ya zama wata biyu, ya zama uku. Littafi na tafiya, littafi na dawowa, kowanne da tambayoyinsa da kuma "ina nan tahe" a ƙarshe. Tun ina cewa aiko ni aka yi har na daina, don wasu tambayoyin nawa ne, na fake da shi ne kawai. Ranar da zazzaɓi ya kama ni ma sai da na ja jiki na je, saboda giɓin nan da ya ce kada in bar masa. Ni kaina daga baya na yi shekaru ina koyarwa, na ga masu kaifin kai da yawa sun watse tun a shekarar farko. Abin da ke zaunar da ɗalibi a aji wani abu ne a zuciya: ya iya shan dariya bai fasa ba, ya sa rai cewa abin da bai gane yau ba zai gane shi gobe. Ni ba ni da wannan a lokacin. Nasa na ara na yi shekarar da shi.

Jarrabawa ta zo bai zo ba. Na riƙa waiwayen ƙofa har aka raba takardu. Na rubuta abin da na gani da bakina, Turancin ba mai kyau kamar na littafi ba, amma nawa ne. Na ci. Shi kuwa na gaya wa kaina za a ɗaga masa shekara, tunda uzurinsa a fili yake.

Da aka yi hutu na kwana biyu a Anka, Malam ya ce bai kamata in zauna ban je jaje ba. Damina ta yi nisa. Na bi motar kasuwa zuwa Bukkuyum, daga nan wani malamin gona ya goya ni a babur, muna tafiya muna sauka muna turawa a laka. Da hantsi na isa rugarsu, a bayan gari. Na ga turaku jere a fili babu abin ɗaurawa. 'Yan shanun da suka rage ba su kai a kira su garke ba. Baffansa na zaune a inuwa a kan buzu, na durƙusa na gaishe shi na yi masa jaje, ya amsa da ka, idonsa na kan filin. Innarsa ce ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo fura, tana ba ni haƙuri cewa nonon kaɗan ne. Ta ce ta san ni, ni ne mai littattafai. Na ce mata na zo ne in ji ranar da abokina zai koma makaranta, don in shaida wa malamai.

Ta dube ni ta ce, "Wace makaranta, ɗana? Ai ran da yaz zo, tun bai aje jikka ba, yag ga garke, yac ce ma baffanai ya gama da boko. Ya koma koyarwatai nan cikin gari, shi ka riƙon gidan ga yanzu."

Na ajiye ƙwaryar furar. Na tambayi inda yake, ta nuna mini hanyar gona. Na same shi a duƙe cikin gero yana maimai, ya rame, ya yi baƙi. Da ya gan ni ya saki fartanya ya taho da fara'a, ni kuwa ko gaisuwar kirki ban bari mun gama ba. Na ce wata uku yana rubuto mini yana nan tafe, alhali ya san ba zai zo ba. Na ce ya mayar da ni abin wasa, ina ta jigilar littafi zuwa tasha kamar mahaukaci. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba na son tunawa da su. Ya bar ni har na gaji.

"Sadda nib baro ku ina sa ran komowa," in ji shi. "Da nig ga garke na san ta ƙare. Allah shi gahwarta min wagga ƙarya. Amma da na hwaɗa ma, da ka koma gindin darbejiya."

Gaskiya ya faɗa. Ya share zufa da hannun riga, ya dubi geron, sannan ya ƙara da cewa, "Kuma kak ka ɗauka don kai ɗai na. Ina son ji. Da rana in bizne saniya, da marece in buɗe littahinka in ji ni cikin aji."

A nan na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har da ta ofishin dattijon. Na ce masa na ci jarrabawar. Ya yi murna kamar shi ya ci, ya sa na faɗa masa tambayoyin da aka yi ɗaya bayan ɗaya, muna tsaye a kan kunyar gona, yana cewa da shi ne ga yadda zai amsa ta uku. Kwana biyu na yi a wurinsu. Da zan tafi ya raka ni har bakin rafi, ya tambaye ni, yana ɗan jin nauyi, ko zan iya ci gaba da aiko masa da na shekara ta biyu. Na ce wannan ai ba abin tambaya ba ne. Na yi masa alkawari har da rantsuwa, shi bai ma nemi rantsuwar ba.

Na aika na farko a kan lokaci, na biyu ma haka. Amma a shekara ta biyu na zama wani. Ni ne mai ɗaga hannu a layin gaba, ina da abokan musu, malamai sun san ni. Rubutun Hausa da la'asar ya fara yi mini nauyi, tunda yanzu ina gane karatu ba sai na bi ta kansa ba. Na uku ya yi wata guda kafin ya tafi. Na huɗu rabinsa na cika na kai, shi ma don direban ya tare ni ne ya ce ana ta tambaya a Gummi. Littafin ya dawo ɗauke da tambayoyi kaɗan a gefe, babu ƙorafi ko ɗaya, sai wata guda a shafin ƙarshe da ya rubuta da manyan baƙaƙe. Na karanta, na sa littafin a ƙasan akwati.

Bayan wata biyu direban ya gaya mini cewa mai kanti ya ce kada a sake kawo saƙo. Wai baffan abokina ya rasu, sauran sun kaɗa abin da ya rage sun yi kudu wurin dangin Inna, babu wanda ya san takamaiman wurin. Da na gama jami'a na koma Adabka da kaina. Inda rugar take an shuka dawa. Na tambaya a makarantar da ya koyar, na tambaya a kasuwar Bukkuyum da ta Gummi, kowa ya ce ya san dogon malamin nan, amma tun tafiyarsu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Shekaru sun tafi yanzu, kuma ina kewarsa fiye da yadda nake kewar wasu da muka haɗa jini. In yana raye tsoho ne, wataƙila yana can yana damun wani da tambaya.

Tambayar shafin ƙarshen ita ce: "Mutanen da ba su rubuta komi ba, irinmu, ƙaƙa mai tarihi ka sanin sun taɓa zama wuri?" Na san amsar a ranar da na karanta ta, don a zangon nan aka koya mana: kufai, fasassun tukwane, sunayen rijiyoyi, abin da ya rage a bakin tsofaffi. Shafi biyu ya isa, kuma direban yana tasha washegari. Na ce bari sai bayan jarrabawa.